Yadda ake ceto tunkiya, akuya ko maraƙin da aka gudu aka bari

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilun 2023, ya gangaro Wad Madani a watan Disambar shekarar, ya kuma taɓa Sinja da ƙauyukan Sinnar a 2024, mutane da yawa sun bar gida da kayan jikinsu kawai. Wanda ke sungumar yara da tsohuwa ba ya tsayawa kwance igiyar akuya. Shi ya sa masu komawa gida da masu wucewa ta hawashoshin Jazira, wato gonakin ban-ruwa na yankin, suke tarar da dabbobi a zariba, wato shingen dabbobi, ko a gindin bishiya, wasu a ɗaure, wasu na yawo suna cin leda da kwali. Na daɗe ina kiwo a ɓangaren Sinnar, kuma irin waɗannan dabbobi sun sha ratsa hannuna. Abin da na fi gani yana kashe su bayan an tsince su shi ne gaggawa: a cika musu bokiti da ruwa, a zuba musu dawa, gari ya waye sun kumbura. Wannan bayani na wanda bai taɓa yi ba ne.

Kayan da za ka tanada

Igiya mai laushi, jarkar ruwa mai tsabta, ƙaramin kwano, da buhunan wofi biyu ko uku. Sai sirinji babba marar allura, ko robar lemo mai ɗan dogon wuya, don ɗura ruwa. Ka nemi ma'aunin zafin jiki irin na mutane, yana aiki ga dabba. Safar hannu, in babu ka sa leda biyu ka ɗaure a wuyan hannu. Sabulu, aidin, tsumma wankakke, almakashi da hantsaki. Gishiri, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, da man gyada ko man riɗi kamar rabin lita.

Abinci kuwa busasshe ake so: harawar gyada ko ta wake, busasshiyar ciyawa, ko ganyen karan dawa da ya bushe sarai. Dusa da umbaz, wato tunkuzar gyada ko ta riɗi, da hatsi suna da ranarsu, amma ba yau ba. Ka yi magana da mai karo, wato amalanken jaki, tun kafin ka fita, domin dabbar da ta kwanta ba za ta bi ka da ƙafa ba. Ka kuma ajiye lambar likitan dabbobi ko ma'aikacin baiɗara mafi kusa a wayarka.

1. Duba wurin kafin ka duba dabbar

Gona ko zaribar da aka yi faɗa kusa da ita tana iya ɓoye harsashi ko bam ɗin da bai tashi ba. Ka bi turbar da mutane da dabbobi suka riga suka taka. In ka ga ƙarfen da ba ka sani ba, kada ka taɓa, kada ka bar yara su matsa, ka sanar da hukuma.

Sannan ka dubi gawarwaki in akwai. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci, baki ko dubura, ga shi bai daskare ba, kada ka feɗe ta, kada ka ja ta. Wannan alama ce ta cutar da ake kira fahmiyya, wadda take kama mutum, kuma ƙwayarta na daɗewa a ƙasa shekara da shekaru. In ka tarar tumaki sun yi ta ɓari, ƙanana sun mutu da yawa, musamman bayan damina mai ambaliya da sauro, ka ja da baya ka kira likita. Zazzaɓin Rift Valley ya kashe mutane a Nil Abyad da Sinnar da Jazira a 2007, kuma ta jini da ɓarin dabba ya fi shiga jikin makiyaya da mahauta. Dabbar da ke dalalar da miyau, tana kuka wani iri, tana kai wa komai karo ko cizo, wataƙila mahaukacin kare ya cije ta. Ita ma kada ka sa hannu a bakinta.

2. Ka shaida wa mutane tun a ranar

Annabi (SAW) da aka tambaye shi game da ɓatacciyar tunkiya ya ce a ɗauke ta, domin ko ta zama taka, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kyarkeci. Raƙumi kuwa ya ce a ƙyale shi, yana iya kai kansa ga ruwa da itatuwa har mai shi ya same shi. To ɗaukar ƙaramar dabba daga halaka abu ne da aka yi izini da shi. Amma dabbar wanda ya gudu daga wuta tana da mai ita, yana Gadarif ko Kasala ko Damazin yana tunaninta. Amana ce ka ɗauka.

Kafin ka motsa ta, ka ɗauki hotonta da waya a inda ka same ta, ka ɗauki tsagar kunne da tambarin wuta in akwai. Ka kai maganar wurin shehin unguwa ko umda, ka roƙi liman ya yi cigiya bayan sallar Juma'a, a kuma saka a zaurukan WhatsApp na garin. Wajen cigiya kada ka faɗi dukkan alamomi, ka rage ɗaya ko biyu da mai ita kaɗai zai sani. Wannan shaidar tana kare ka, domin an wawashe dabbobi da yawa a yaƙin nan, kuma wanda aka ga baƙuwar akuya a gidansa ba tare da shaida ba zai sha tambaya.

3. Kama ta da ɗaukar ta

Ka matso a hankali ta gefe, kana magana ƙasa-ƙasa. Kada a yi mata taron dangi ana kora, dabbar da ta galabaita tana iya faɗuwa matacciya saboda gudu kaɗai. Ka riƙe ta a ƙarƙashin haɓa da hannu ɗaya, ɗayan a bayan cinya. Ba a jan ta da kunne, ƙaho ko ƙafar baya. In igiya ta nutse cikin fatar wuya ko ƙafa, yanke ta za ka yi da almakashi, kada ka tsaya kwancewa.

Wadda ba ta iya tashi, ku mirgina ta kan buhu, mutum biyu su kama kusurwoyi su ɗora a karo. A cikin karon a gurfanar da ita kan ƙirji, ƙafafu a lanƙwashe ƙarƙashinta, a tokare gefe da gefe da buhun ciyawa. Kada a ɗaure ƙafafunta huɗu a jefa ta kan haƙarƙari yadda ake kai dabba kasuwa. Ku yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar.

4. Keɓe ta

A gida ka yi mata rakuba, wato rumfa, ita kaɗai, nesa da dabbobinka, inda ba za su haɗa hanci ba. Kwanonta daban, igiyarta daban. Ka riƙa gama hidimar naka dabbobin tukuna, sannan ka zo wurinta, ka wanke hannu da takalmi bayan ka gama. Za ta zauna haka sati uku zuwa wata guda. Mutane na ganin abin ya yi tsawo, amma abu nini, wato ciwon huhun awaki, da annobar ƙananan dabbobi mai zuwa da majina, kwantsa, gyambon baki da zawo, suna iya share garke cikin kwanaki kaɗan, kuma baƙuwa ɗaya ce ke shigo da su.

5. Karanta jikinta

Ka sa ma'aunin zafi a dubura minti ɗaya zuwa biyu. Lafiyayyar tunkiya ko akuya tana tsakanin 38.5 da 40. In ya haura 40.5 alhali tana inuwa, zazzaɓi ne. In ya sauka ƙasa da 37.5, jiki ya fara sanyi, kuma wannan ya fi zazzaɓi haɗari: a lulluɓe ta da buhu, a jingina mata robar ruwan ɗumi.

Ka tsunkuli fatar wuya ka saki. In ta koma nan take, ƙishin bai yi nisa ba. In ta tsaya a tsaye na 'yan daƙiƙoƙi, ido ya faɗa, dasashi ya bushe yana manne wa yatsa, ruwan jiki ya ƙare sosai. Ka ja fatar ido ta ƙasa ka duba cikinta. Ja ko ruwan hoda mai kyau lafiya ne, fari fat kuwa jini ne ya ƙare, galibi saboda tsutsar ciki, kuma sau da yawa za ka ga haɓa ta kumbura da ruwa. Daga nan ka ɗora tafin hannu a kwiɓin hagu, a ramin da ke bayan haƙarƙari. Tumbi mai aiki yana motsi sau ɗaya ko biyu a minti, za ka ji ya taso ya ture hannunka ya koma. In shiru, tumbin ya tsaya. In macen tana da ciki ko hantsa ta kumbura, ka lura da wannan ma.

6. Ruwa, kaɗan-kaɗan

Nan ne ake asarar mafi yawansu. Dabbar da ta kwana biyu ko uku ba ruwa, in ta samu bokiti za ta shanye, kuma ruwan da ya shiga jini da yawa lokaci ɗaya yana kumbura ƙwaƙwalwa. Za ka ga ta fara rawar jiki, tana zagaye, ta faɗi tana shure-shure.

Ka ba tunkiya ko akuya kamar rubu'in lita, ka ɗauke kwanon, ka dawo bayan rabin awa ko awa guda ka sake. Maraƙin da ya fara girma a ba shi lita guda a kowane zuwa. Haka za ka yi ta yi wunin farko da darensa. A rana ta biyu ka ƙara yawan, a ta uku in idonta ya ciko, fata na komawa, ka bar mata ruwa a gabanta. Lafiyayyar tunkiya a zafin nan namu tana shan lita 4 zuwa 8 a yini. Ruwan kada ya zama mai ƙanƙara, kada kuma ya zama wanda ya wuni a rana cikin jarka. Ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwan gona, a tace a bar shi ya kwanta, in da hali a tafasa.

In tana zawo ko ta yi laushi ƙwarai, ka narka ƙunshin gishiri da sukari ɗaya a lita guda ka riƙa ba ta. In babu, rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula shida na sukari a lita guda, ga babbar dabba. Ga ɗan da bai daina shan nono ba kada a sa sukarin shayi, cikinsa ba ya narkar da shi, zawo zai ƙara masa. Gulukos ko na asibitin ake ba shi. Kanwa da dutsen gishirin lasa a ɓoye su sai bayan kwana uku, lokacin da ta ƙoshi da ruwa.

Wadda ba ta sha da kanta, ɗura ake yi. Ka tsaya a gefenta, ka riƙe haɓa yadda kai zai miƙe daidai, ba a ɗaga shi sama. Ka zura bakin sirinji ta gefen baki, inda babu haƙori, ka zuba kaɗan, ka jira ka ga maƙogwaro ya motsa. Kada ka riƙe harshe, kada ka toshe hanci. Da ta yi tari ka tsaya. In ba ta haɗiya sam, ka daina, domin huhu ruwan zai tafi. Wannan sai likita ya yi mata ƙarin ruwa ta jijiya.

7. Abinci

Tumbin dabba mai tuƙa cike yake da ƙananan halittu da ke narkar mata da ciyawa. Yunwa tana kashe yawancinsu. In hatsi ya faɗa cikin tumbin da ke haka, sai ya yi tsami, tumbin ya tsaya, dabbar ta kumbura ko ta yi zawo mai wari ta mutu. Saboda haka satin farko busasshiyar ciyawa da harawa kawai, tafi ɗaya ko biyu sau biyar ko shida a yini. Kana ƙarawa har ta kai kusan kilo guda a rana ga akuya mai kilo 30.

Ka kiyaye ta daga ɗanyen barsim, koriyar ciyawar nan da ake nomawa don dabbobi, yana kumbura ciki. Ka kiyaye ta daga abu sab'in, wato dawar da ake nomawa don ciyar da dabbobi, ko dawar da ba ta yi tsawo ba, da tohon da ke fitowa bayan yanka, musamman wanda fari ya taɓa, domin akwai guba a cikinsa mai kashewa cikin awa guda. Ragowar tuwo, kisra da burodi ma hatsi ne, a hana yara kai mata don tausayi. Bayan sati, in tana tuƙa kuma kashinta ya dawo ƙwaya-ƙwaya, ka fara da tafin dusa guda a rana, ka riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku. Umbaz da dawa su zo a sati na uku.

In kwana biyu sun wuce ba ta tuƙa, ga dabarar tsofaffin makiyaya. Ka je wurin mahauci da sassafe da kwano mai murfi, ka roƙi abin cikin tumbin lafiyayyar dabbar da aka yanka yanzu. Ka matse shi a tsumma, ruwan kore-kore mai ɗumi zai fito, ka ɗura mata kofi ɗaya ko biyu kafin ya huce. Warinsa ba daɗi, amma sau da yawa kashegari za ka tarar da ita a gurfane, muƙamuƙi na juyawa. In mahauci ya yi nisa, ka lallaɓa lafiyayyar akuyarka lokacin da take tuƙa, ka zaro curin daga gefen bakinta, ka dama da ruwan ɗumi. Ka kula da yatsunka, turamenta na da kaifi.

In kwiɓin hagu ya tashi ya yi tauri kamar ganga, ka ɗura mata man gyada ko na riɗi, rubu'in kofi zuwa rabi ga akuya ko tunkiya, ka tsayar da ita ƙafafun gaba a kan tudu, ka riƙa murza kwiɓin har ta yi gyatsa. In numfashi ya fara gagara, a nemo likita da gudu. Wadda kuma take ci amma kullum ramewa take, ciki ya yi girma, kana jin wani dunƙule mai tauri in ka danna, mai yiwuwa leda ce ta taru. Babu jiƙon da ke narkar da leda, sai tiyata.

8. Wadda ta kwanta

Kada ta kwana kan haƙarƙari. A gurfane take zama, a tokare, a ƙarƙashinta yashi ko busasshiyar ciyawa. Duk bayan awa uku ko huɗu a juya nauyinta zuwa ɗayan ɓangaren, a murza ƙafafun. Sau biyu ko uku a yini ku zura buhu ƙarƙashin ciki ku ɗaga ta, ƙafafu na taɓa ƙasa, na minti goma. Kada a bar ta a rataye. Mai tsohon ciki da ta kwanta, tana niƙa haƙora, ta ƙi abinci, 'ya'yan cikin ne ke janye ƙarfinta. A ɗura mata molas, wato baƙin ruwan rake mai kauri, ko gulukos cokali uku ko huɗu a ruwa, sau biyu zuwa uku a yini, a kira likita.

9. Rauni, kaska da magani

Ka aske gashin gefen rauni, ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ka sa aidin. In tsutsa ta shiga, ka zaro su ɗaya-ɗaya da hantsaki, ka leƙa lungunan da suka haƙa ƙarƙashin fata, ka sake dubawa kashegari domin na ciki suna fitowa daga baya. Kada a zuba fetur, baƙin mai ko maganin feshin gona. Ka duba kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, nan kaska ke taruwa. Ka cire su da hannu a kwanakin farko, wankan magani sai ta yi ƙarfi.

Maganin tsutsar ciki ma ka jira kwana uku zuwa biyar, ta sha ta ci tukuna, sai dai in idon ya yi fari fat, wannan ka tambayi likita a ranar. Albendazol ba a ba mai sabon ciki. Allurar ivamektin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ana yin mil 1 ga kilo 50 a ƙarƙashin fata, ka ga ramammiyar akuya rabin mil ma ya kusa yi mata yawa. Dabbar da ta yi kiwo a bakin tur'a a yi tunanin tsutsar hanta. Allurar oksitetrasaiklin ba ta ƙara ƙarfi, ta mai zazzaɓi da ciwon huhu ce. Duk abin da ka ba ta, ka rubuta sunansa da ranar. Rigakafi sai ta murmure.

10. Marayu

Ɗan akuya ko ɗan tunkiyar da ka samu kusa da gawar uwarsa, ka fara sa yatsa a bakinsa. In da sanyi, ɗumama shi tukuna a jikinka ko kusa da robar ruwan ɗumi, ba a ba mai sanyin jiki madara. In sabon haihuwa ne, cibiya ɗanya, ka sa mata aidin, ka nemo masa dakashi daga wata da ta haihu a ranar, domin awannin farko ne cikinsa ke karɓar kariyar da ke ciki. Daga nan madarar akuya ko ta saniya, a tafasa ta huce zuwa ɗumin jiki, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a yini, a raba sau huɗu. Yana tsaye zai sha, ba a rungume a rigingine ba.

Wata magana a gefe. A Duwatsun Nuba da kudancin Nil Azraƙ akwai maƙwabtanmu da ke kiwon alade, su ma yaƙi ya kore su. Haramcin namansa a kanmu bai ba mu izinin jifansa ko barinsa ya mutu a kulle ba, hadisi ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Alade ba ya jure zafi, ka buɗe masa ƙofa, ka zuba ruwa a ƙasa a inuwa ya kwanta a ciki, ka aika wa masu shi ko danginsu.

11. In ba za ta tashi ba

Wadda ƙashin bayanta ya karye, ko ta yi kwanaki a kwance jiki na ƙara sanyi duk da hidima, kada a bar ta tana shan azaba. A kira shaidu biyu da dattijon unguwa, a wasa wuƙa nesa da idonta, a ba ta ruwa in tana sha, a yanka ta a inda sauran dabbobi ba sa gani, cikin sauri. In karaya ce kawai kuma ba a yi mata allura ba, naman ya ciwu, a ƙiyasta kuɗinsa a rubuta wa mai ita. In zazzaɓi ne, ko ba a san ciwon ba, ko magani na jikinta, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada karnuka su tono.

12. Ranar da mai ita ya zo

Ka bar shi ya faɗi alamomin da ka ɓoye kafin ya gan ta, a gaban waɗanda suka shaida tun farko. Abin da ta haifa a hannunka nasa ne. Maganar kuɗin ciyawa da magani, da hukuncin dabbar da aka daɗe ana cigiya ba a samu mai ita ba, a kai wa malamin gari ya yanke, kada ka yanke wa kanka. Mutumin da ya dawo gida ya tarar an kwashe masa komai, in kana da hali ka yafe masa kuɗin harawa. Ka ba shi takardar da ka rubuta magunguna, ka nuna masa ranar allurar ƙarshe da kwanakin jira da ke jikin kwalbar, waɗanda galibi sukan kai wata guda ga nama, don kada ya yanka ta ko ya ba yara nononta kafin lokaci. Ka haɗa masa da damin irin ciyawar da ta saba ci a wurinka, na kwana uku ko huɗu, ya riƙa gaurayawa da tasa har cikinta ya saba.